Kamfani yana da suna, amma yana da mutunci?

Tambaya: Ni ɗalibin shari'a ne. An koya mana cewa kamfanin da ya yi rajista mutum ne a idon doka, yana kai ƙara, ana kai shi. Mun kuma karanta cewa kare sunan mutum daga ɓatanci yana cikin haƙƙoƙin ɗan Adam. To in an haɗa biyun, kamfani ma yana da haƙƙin ɗan Adam na kada a ɓata masa suna ke nan?

Amsa: Malam, tambayoyi biyu ka ɗaure da igiya ɗaya, sai mun kwance su. Ta farko: kamfani yana iya kai ƙarar ɓata suna? A yawancin ƙasashe yana iyawa. Ta biyu: wannan dama tasa haƙƙin ɗan Adam ce, wadda majalisa ba ta isa ta ƙwace ba, kuma alƙali dole ya ba ta nauyi daidai da 'yancin faɗin albarkacin baki? A nan amsar da ta fi ƙarfi ita ce a'a, ko da yake kotun da ta fi kowa ba kamfanoni dama, wato Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Strasbourg, ta bar ƙofar a sakaye.

Hausa ta riga ta raba mana gardamar tun kafin lauyoyi su fara. Muna da suna, muna da mutunci. Shago yana yin suna, shinkafa tana yin suna, kamfanin motocin haya yana yin suna. Amma mutunci tushensa ɗaya da mutum, ba kuma a cewa an ci mutuncin buhun siminti. Duk shari'o'in da za mu bi a ƙasa, a kan wannan rabon suke yawo.

Damar kai ƙara tsohuwa ce. A Ingila an tabbatar da ita a 1894, a shari'ar kamfanin haƙar kwal na South Hetton da wata jarida da ta rubuta cewa gidajen da kamfanin yake ba ma'aikatansa ba su cancanci zaman ɗan Adam ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce kamfani yana iya neman diyya a kan maganar da ta taɓa sunansa na kasuwanci, ba sai ya nuna ya yi asarar ko sisi ba. A 1963, a shari'ar Lewis da jaridar Daily Telegraph, Mai shari'a Lord Reid ya faɗi maganar da har yau ake maimaitawa, cewa ba a iya sosa wa kamfani rai, a aljihu kaɗai ake iya yi masa rauni. Ya ƙara da cewa raunin aljihun ba lallai ya tsaya a kuɗin shiga ba, yana iya shafar farin jinin da kamfanin ya tara a wurin abokan ciniki.

Kana iya cewa to in dai aljihu ne, me ya hana kamfani ya bi ta hanyar ƙarar asarar dukiya kamar kowa? Abin da ya hana shi shi ne sauƙin da ke cikin ƙarar ɓata suna a tsarin dokar Ingila, wanda ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka suka gada. Mai ƙara abu uku kawai zai nuna: an furta ko an buga maganar wani na uku ya ji, maganar shi take nufi, kuma irin wadda ke zubar da darajar mutum ce a idon masu hankali. Da zarar ya nuna waɗannan, doka ta ɗauka maganar ƙarya ce, sai wanda ake ƙara ya tashi ya tabbatar da gaskiyarta. In rubutacciya ce, doka ta ɗauka ta yi ɓarna. Ɗaya hanyar, wato ƙarar ƙaryar mugunta a kan kaya ko sana'a, nauyin duk a wuyan kamfani yake: shi zai tabbatar maganar ƙarya ce, shi zai tabbatar da mugun nufi aka yi ta, kuma galibi shi zai nuna asara. Wannan sauƙi na farko an tanade shi ne don ɗan Adam, wanda ba ya iya kawo rasit na kunyar da ya sha a unguwarsu. Kamfani kuwa yana da akanta, yana da littafin ciniki na kowane wata. Nan ne asalin rigimar take.

Yanzu mu duba takardun haƙƙin ɗan Adam su kansu. Sashe na 12 na Sanarwar Duniya ta 1948 da sashe na 17 na Yarjejeniyar Haƙƙoƙin Jama'a da Siyasa ta 1966 duk sun hana a kai wa daraja da sunan mutum hari. Sai dai kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke sauraren koke a ƙarƙashin yarjejeniyar 1966 daga ɗaiɗaikun mutane kawai yake karɓa, kamfani ba ya shiga. A nahiyar Amurka an fi fitowa fili: yarjejeniyarsu ta 1969 ta ce duk inda aka ambaci mutum a cikinta ɗan Adam ake nufi, kuma a 2016, da ƙasar Panama ta nemi fatawa, kotun nahiyar ta tabbatar da cewa kamfanoni ba su cikin masu waɗannan haƙƙoƙi, ta keɓe al'ummomin asali da ƙungiyoyin ƙwadago. Yarjejeniyar Afirka ta 1981 ba ta ma ambaci haƙƙin suna a sashe na kansa ba. Abin da ke cikin sashe na 5 shi ne mutuncin da ke tattare da zama ɗan Adam.

Turai ce ta bambanta, kuma a can ne maganar ta yi kauri. Yarjejeniyar Turai ta 1950 ta yarda kamfani ya kai ƙarar gwamnati. Ƙarin farko da aka yi mata a 1952 ya faɗa ƙarara cewa kare dukiya ya haɗa da mutum na jini da tsoka da mutum na takarda, wato irin su kamfani. Kamfanonin jaridu sun daɗe suna cin shari'a da sashe na 10 na 'yancin magana, tun daga shari'ar Sunday Times ta 1979. Har sashe na 8, mai kare rayuwar sirri da iyali da gida da wasiƙu, kamfani ya taɓa cin moriyarsa: a 2002, a shari'ar Colas Est da Faransa, kotun ta ce ofisoshin wasu kamfanonin gina hanya da jami'ai suka kutsa suka kwashi takardu ba da izinin alƙali ba suna iya shiga ma'anar gida. A 2000 kuma, a shari'ar Comingersoll da Fotugal, ta ce ana iya biyan kamfani diyyar abin da ba a ƙirga shi da kuɗi kai tsaye, ta ambaci sunansa da rashin tabbas wajen tsara harkokinsa. Lauyan kamfani da waɗannan biyun zai fara.

Sai dai sashe na 8 bai ambaci suna ba ko sau ɗaya. Kotun ce ta shigo da shi daga baya, musamman a shari'ar Pfeifer da Ostiriya ta 2007, kuma dalilin da ta bayar shi ne sunan mutum ɓangare ne na yadda yake ɗaukar kansa da lafiyar zuciyarsa. Ko ga ɗan Adam ɗin ma ta sa sharaɗi, a shari'ar Axel Springer da Jamus ta 2012 da wasu kafinta, cewa sai harin ya yi tsanani har ya taɓa jin daɗin rayuwarsa. Ka ɗauki wannan dalili ka ɗora wa kamfani ka gani. Ba shi da zuciyar da za ta ɓaci, ba shi da surukan da za su juya masa baya, ba ya kasa barci.

Kotun ta faɗi haka da bakinta a 2011, a shari'ar Uj da Hangari. Wani ɗan jarida ne, Péter Uj, ya rubuta sharhi a 2008 yana kushe wata giya ta yankin Tokaj da kamfanin gwamnati ke yi, har ya kira ta da kalmar kashi. Kotunan Hangari suka same shi da laifi. Strasbourg ta ce an tauye masa 'yancin magana, ta kuma bambanta sunan kasuwanci na kamfani da sunan mutum a cikin jama'a: na biyun yana iya taɓa mutuncinsa, na farkon kuwa babu wannan ɓangare a cikinsa. A 2015, a shari'ar Kharlamov da Rasha, inda wata jami'a ta kai ƙarar farfesanta saboda ya soki yadda aka yi zaɓen majalisar jami'ar, kotun ta ce ba a daidaita darajar hukuma da ta ɗan Adam.

Amma da aka kawo tambayarka tsirararta gaban kotun, ta ƙi amsawa. A 2014 wani kamfanin manhajar kwamfuta na Jamus, Firma EDV für Sie, ya yi ƙorafin cewa wani wakilin coci ya danganta shi da wata ƙungiyar addini har ya rasa ciniki, kotunan Jamus kuma ba su kare shi ba. Strasbourg ta ce a bar maganar ko sunan kamfani yana cikin rayuwar sirri a buɗe, domin ko da a ce yana ciki, kotunan Jamus sun auna al'amarin yadda ya kamata. Ta kori ƙarar. Saboda haka duk wanda ya ce maka Turai ta yanke cewa kamfani ba shi da wannan haƙƙi ya wuce gona da iri, wanda ya ce ta yanke yana da shi ya fi shi kuskure.

Abin da kotun ta amince da shi ba tare da jan ƙafa ba wani abu ne daban. Sakin layi na biyu na sashe na 10 ya halatta wa gwamnati ta taƙaita magana don kare suna ko haƙƙin wasu, kuma kamfanin kasuwanci yana cikin waɗannan wasu. Shari'ar da ta fi nuna wannan ita ce ta McDonald's da masu fafutuka biyu na Landan, Helen Steel da David Morris, a kan wata takarda da ake rabawa tana zargin kamfanin da abubuwa da dama game da abinci da ma'aikata da muhalli. Kamfanin ya shigar da ƙara a 1990, aka yi zaman kotu na kwana 313, aka yanke hukunci a 1997 da diyyar fam 60,000, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta rage daga baya. Su biyun ba su da kuɗin lauya, gwamnati kuma ba ta ba da tallafin shari'a a ƙarar ɓata suna, don haka yawancin aikin da kansu suka yi. A 2005 Strasbourg ta ce Birtaniya ta tauye musu haƙƙin shari'ar adalci da 'yancin magana. Duk da haka ba ta ce haramun ne babban kamfani ya kai ƙara ba. Ta ce akwai maslaha a kare ɗorewar kamfanoni saboda masu hannun jari da ma'aikata da tattalin arziki, kuma ƙasa tana da zaɓi a kan irin kariyar da za ta bayar. Ta ƙara da cewa babban kamfani da saninsa ya buɗe kansa ga binciken jama'a, don haka dole ya fi talaka juriyar suka.

Lura da kalmar zaɓi, domin a kanta komai ya rataya. In abu maslaha ce da doka ta ga dama ta kare, majalisa tana iya rage kariyar, ko sa mata sharaɗi, ko cire ta gaba ɗaya. In kuwa haƙƙin ɗan Adam ne, gwamnati wajibi ne ta samar da hanyar kare shi, in ta gaza a kai ta ƙara. Haka ma a sikelin alƙali. In haƙƙi biyu ne suka yi karo, na sashe na 8 da na sashe na 10, daga daidai ake fara awo. In kuwa 'yancin magana ne a gefe guda, maslahar kasuwanci a ɗaya gefen, to mai son a taƙaita maganar shi zai kawo gamsasshen dalili, kuma ana ƙuntata fassarar dalilin. Kamfanin da ke da lauyoyi goma da ɗan jaridar da ke da biro ɗaya, wannan bambanci na iya zama shi ne duk abin da ya rage wa ɗan jaridar.

Hukumomin gwamnati kuwa a taƙaice: tun 1993, a shari'ar ƙaramar hukumar Derbyshire da jaridar Times, Ingila ta hana su ƙarar ɓata suna, Strasbourg ma ta bi kusan wannan hanya a 2022 a shari'ar kamfanin Memo da Rasha, inda gwamnatin yankin Volgograd ce ta kai ƙarar wata kafar labarai.

Masu goyon bayan kamfanoni suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Suna cewa bayan kowane kamfani akwai mutane, ƙarya ɗaya tana iya rufe masana'anta ta jefa ɗaruruwa cikin rashin aiki. Gaskiya ne. Kamfanin na'urorin zaɓe na Dominion, wanda aka yi ta zargi a tashar Fox News da maguɗin zaɓen Amurka na 2020, ya karɓi dala miliyan 787.5 a sulhun da aka yi a Afrilun 2023, kuma ba wanda zai ce ba shi da abin kuka. Amma ka duba abin da aka biya shi a kai: darajar kasuwancinsa. Wannan hujja tana nuna ya kamata kamfani ya sami hanyar neman diyya. Ba ta nuna hanyar dole ta zama haƙƙin ɗan Adam ba. Hujja ta biyu ita ce ƙaramin kamfani, wanda shi da mai shi kamar ɗanjuma ne da ɗanjummai. In aka ce shagon gyaran motar wane yana sa wa mutane jabun kaya, ai wane aka zaga. Amsar ita ce wane yana da tasa ƙarar da sunansa, muddin masu sauraro sun gane shi ake nufi, kuma nasa haƙƙin cikakke ne.

Hujjar da ta fi tsayuwa da ƙafarta ita ce ta dukiya. Tun 1986, a shari'ar Van Marle da Holan, Strasbourg ta yarda cewa abokan cinikin da mutum ya tara da guminsa kadara ce da ake karewa. To in kamfani zai fake a wani haƙƙi, a nan ya dace ya fake. Mai karatun fiƙihu ba zai ga baƙon abu ba, domin malamai sun lissafa kare mutunci daban da kare dukiya a cikin abubuwan da shari'a ta zo ta tsare. Sai dai wannan mafaka tana da iyaka: kotun ba ta ɗaukar ribar da ake sa ran samu nan gaba a matsayin kadara, kuma wanda ya zo da hujjar dukiya ya amince ke nan a tambaye shi nawa ya rasa.

Wannan tambayar ta nawa ka rasa ita ce majalisu suka koma yi. A 2006, a shari'ar Jameel da jaridar Wall Street Journal ta Turai, alƙalai biyar na kotun ƙolin Birtaniya ta wancan zamani sun rabu uku da biyu, masu rinjaye suka bar tsohuwar ƙa'idar 1894. Lord Hoffmann da Baroness Hale ne suka saɓa, Hoffmann yana cewa kamfani ba shi da rai, sunansa kadarar kasuwanci ce kawai. Bayan shekara bakwai majalisa ta koma wajen marasa rinjayen. Dokar ɓata suna ta 2013, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2014 a Ingila da Wales, ta ce magana ba ta zama ɓata suna sai ta jawo mummunar illa ko akwai yiwuwar ta jawo ta, kuma ga mai kasuwanci don riba, illar ba ta zama mummuna sai ta kai ga babbar asarar kuɗi. A 2019, a shari'ar Lachaux, kotun ƙoli ta ce ana duba abin da ya faru a zahiri ne, munin kalmomin kaɗai bai isa ba.

A aikace, kamfanin da zai shiga kotu a Landan yana da shekara ɗaya daga ranar da aka buga maganar. Abin da zai tara shi ne lissafin ciniki na wata-wata kafin bugawar da bayanta, da na irin waɗannan watanni a shekarun baya don a cire tasirin yanayin kasuwa, da kwangilolin da aka soke, da saƙonnin kwastomomin da suka ambaci labarin a matsayin dalilin janyewarsu, da adadin waɗanda suka karanta labarin da ko su waye, sannan galibi rahoton akanta mai zaman kansa. Mutum hamsin da suka karanta, in dukkansu masu ba da kwangila ne a fannin, sun fi dubu hamsin na 'yan kallo illa.

Inda ƙararraki ke mutuwa kuwa an san wuraren. Mafi yawa a kan haɗa asarar da maganar ne. Ciniki ya faɗi, to amma a watan ne aka ƙara farashi, ko kishiya ta buɗe shago a kusa, ko wasu jaridu uku sun buga labarin, ko hukuma ta riga ta fara bincike. Lauyan wanda ake ƙara zai bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Sai kuskuren wanda ya shigar da ƙara: uwar kamfani ce aka ambata, asarar kuwa a littafin reshe take, alhali a doka kowannensu mutum ne mai zaman kansa. Sai maganar da darakta take nufi ba kamfani ba, kamar a ce shugaban kamfani mashayi ne, wadda ba ta zama ta kamfani sai ta nuna yadda ake tafiyar da kasuwancin. Sai faɗuwar farashin hannun jari, wadda mutane da yawa ke zaton hujja ce mai ƙarfi. A 2004 kamfanin Collins Stewart ya nemi jaridar Financial Times ta biya shi gwargwadon faɗuwar darajarsa a kasuwar hannun jari, sama da fam miliyan 200, alƙali ya soke wannan ɓangare na ƙarar, domin farashin hannun jari abubuwa da yawa ke motsa shi, ba ma'auni ne tabbatacce na asarar kamfani ba. Akwai kuma abin da ba ya cikin littafin doka: takardar da McDonald's ya kai ƙara a kanta ta fi yaɗuwa bayan ƙarar, kamfanin kuma bai nemi karɓar diyyar ba.

Ostireliya ta fi Ingila zafi. Dokokin jihohinta na 2005 sun hana kamfani ƙarar ɓata suna ɗungurungum, sai wanda ba don riba aka kafa shi ba, ko wanda ma'aikatansa ba su kai goma ba kuma ba reshen wani kamfani ba ne. Ma'aikatan wucin gadi da ba sa cika awannin aiki ana ƙirga su gwargwadon awanninsu. Babban kamfani sai dai ya bi hanyar ƙaryar mugunta da nauyinta. Niyu Zilan tun 1992 take neman kamfani ya nuna asarar kuɗi ko yiwuwarta. Shekaru kusan ashirin ke nan manyan kamfanonin Ostireliya suna harkokinsu ba tare da wannan makami ba.

Afirka ta Kudu ce ta amsa tambayarka kai tsaye, kuma darasinta ya fi amfani domin kundin tsarin mulkinta na 1996, a sashe na 8, ya ce mutumin takarda yana cin moriyar haƙƙoƙi gwargwadon yadda yanayin haƙƙin da yanayin mutumin suka buƙata. Wani kamfanin haƙar ma'adinai na Ostireliya da reshensa na can sun kai ƙarar lauyoyin muhalli uku da 'yan fafutuka uku, suna neman sama da rand miliyan 14, saboda sukar da suka yi wa ayyukan haƙar yashi mai ma'adinai a gaɓar tekun ƙasar. A Nuwamban 2022 Kotun Tsarin Mulki ta yanke hukunci biyu. A shari'ar Reddell, Mai shari'a Majiedt ya rubuta wa masu rinjaye cewa mutuncin da sashe na 10 na kundin tsarin mulkin ƙasar ke karewa na ɗan Adam ne, kamfanin kasuwanci ba shi da shi. Kamfani yana da suna da dokar gama-gari, wato wadda hukunce-hukuncen kotuna suka kafa, ke karewa, yana iya neman diyya, amma in maganar tana cikin muhawarar jama'a a kan abin da ya shafe su, alƙali yana da ikon hana shi diyyar da ba ta asarar kuɗi ba. A hukunci na biyu kotun ta yarda wanda ake ƙara ya kare kansa da cewa ƙarar ta toshe baki ce, an shigar da ita don a gajiyar da shi ba don a wanke suna ba. Tarayyar Turai ma ta fitar da doka a kan irin waɗannan ƙararraki a 2024.

Tun da dokar ɓata suna ta Najeriya daga Ingila aka gado ta, yana da kyau ka san inda ta tsaya. Babi na huɗu na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai ambaci haƙƙin suna ba. Sashe na 34 mutuncin ɗaiɗaikun mutane yake karewa, yana kuma magana a kan azabtarwa da bauta da aikin tilas, abubuwan da ba sa faruwa da kamfani. Sashe na 37 sirrin 'yan ƙasa ya ce. Abin da dokar ɓata suna ke jingina da shi shi ne sashe na 45, wanda ya halatta taƙaita 'yancin magana na sashe na 39 don kare haƙƙi da 'yancin wasu. Kotun Ƙoli ta bi sahun Lord Reid a shari'ar Duyile da kamfanin Ogunbayo ta 1988 da ta Edem da kamfanin Orpheo ta 2003: kamfani yana ƙara a kan abin da ya taɓa kasuwancinsa, ba a kan ɓacin rai ba. Gyaran da Ingila ta yi a 2013 ba ya aiki a nan, don haka lauyan da ya kafa hujja da sharaɗin babbar asarar kuɗi a babbar kotun Kano ko Legas yana ba alƙali shawara ne kawai, ba dokar da ta ɗaure shi yake karanta masa ba.

Abin da ya fi bambanta Najeriya shi ne ɓata suna har yanzu laifi ne da ake ɗauri a kansa. A Arewa sashe na 391 da 392 na kundin dokar laifuka, wato Final Kod, sun tanadi ɗaurin da ya kai shekara biyu, ko tara, ko duka biyun. Ghana ta soke irin wannan doka tun 2001, Kotun Afirka kuma ta ce a 2014, a shari'ar Konaté da Burkina Faso, ɗauri a kan ɓata suna ya saɓa wa 'yancin magana. Sai kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda kotun ECOWAS ta ce a 2020 ya saɓa wa yarjejeniyar Afirka. A Satumban 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani ya cika zaƙi. Kamfanin ya ce maganganunta sun wuce nan har sun nuna kayansa na kisa. 'Yan sanda suka kama ta suka kai ta Abuja, aka gurfanar da ita a ƙarƙashin wannan doka, kamfanin kuma ya shigar da ƙarar neman naira biliyan 5. A Fabrairun 2024 aka gyara sashen na 24, aka taƙaita shi ga saƙon batsa da saƙon da mai aikawa ya san ƙarya ne kuma ya aika don tada tarzoma ko barazana ga rai. Wanda zai kare mai sharhi a kan kayan kamfani yanzu, daga waɗannan kalmomi na sabon sashen zai fara, ya tambayi mai gabatar da ƙara wace tarzoma aka nufa, ran wa kuma aka yi wa barazana.